Hannun da Aka Ce Yana Ƙarni

Yatsana manuni na hannun dama ba ya lanƙwasuwa. Duk wanda ya san ni ya san haka. Jikokina har tsokanata suke yi, wai kullum sai ka ce ina nuna wani mai laifi. Ni kuwa ba na musa musu, domin akwai wanda nake nunawa. Ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa, ina kuma yi masa addu'a kamar yadda ya kamata, amma abin da ya yi mini ban manta ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ya daina yi mini ciwo ba.

Asalin gidanmu Kurfi ne. Kakana malami ne, ya taso da makarantarsa tun kafin zuwan Nasara ya zauna a wata 'yar unguwa kusa da Makera, inda in ka tsaya a ƙofar zaure kana hango farin yashin gulbin Karaɗuwa. Kowa Malam yake ce masa, har mu jikoki. Ni kuma amaryarsa yake ce mini, irin wasan kaka da jika. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama ƙwarai, ban riƙe fuskarta ba. Mahaifina ne ya raine ni a gefen buzunsa, shi ya fere mini alƙalami na farko, shi ya riƙe hannuna har baƙaƙe suka zauna. Marubuci ne na gaske. Mutane kan zo tun daga Dutsin-Ma don kawai su ga rubutunsa, kuma duk wanda ya ga allona sai ya ce hannun uban ne sak.

Ina da kamar shekara goma sha biyu sanƙarau ya ɗauke shi. Ya bar wani littafin fiƙihu da yake kwafa, ya ci kashi biyu cikin uku, sauran farar takardar tana nan cikin gafaka, daidai abin da zai isa, babu ko warƙa ɗaya ta kuskure. Lokacin nan idon Malam ya riga ya tafi. Bayan an share makoki ya sa aka kawo gafakar, ya laluba ya ɗora hannuna a kai, a gaban mutanen gida ya ce in na yi sauka ni zan ƙarasa, don kada littafin ya zama da hannu biyu. Tun daga ranar ba ni da wani buri a duniya sai wannan. In ina daka shi nake tunani, in ina ɗebo ruwa shi nake tunani.

Ƙanen mahaifina, Baffa, shi ya karɓi makarantar. Yana da karatu, ba zan zalunce shi ba, kuma yana da murya. Amma rubutunsa sai haƙuri. Saboda haka duk wanda ya zo neman rubutun sha, ni ake kira cikin gida in rubuta allon, a kai wa Baffa zaure ya wanke ya ba mai shi. Ba a taɓa cewa ni na rubuta ba, ni ma ban damu ba, hannuna ne yake ƙara faɗawa.

Sai aka yi shekarar da fara ta sauka a kan gero yana cikin fid da kai. A ranin nan kuma aka zo aka kwashi majiya ƙarfi zuwa sharar hanyar mota da Nasara suka sa a yi, unguwa ta zama daga mata sai tsofaffi sai malamai. Abinci ya yi wuya. Tuwon da ake yi rabinsa dusa ne, miyar kuwa ba ta da komai sai kuka da gishiri. Mu masu haƙori muna haɗiyewa, amma Malam haƙoransa sun zube, ga ciwon ciki ya sa shi gaba. In aka kai masa akushi sai ya taɓa lomar farko ya ture. Cikin wata guda ya zama in na kama hannunsa zan kai shi alwala sai in ji ƙashi kawai.

Kifi kam akwai shi, don ruwa ya janye ya bar gurabe cikin gulbi, matan Makera suna kwalfa kullum. Matsalar ita ce Malam ya yi shekaru ba ya cin kifi. Wata ƙaya ta taɓa maƙale masa a wuya yana da sauran ƙarfinsa, ya yi kwana bakwai bai iya karantarwa ba, tun daga nan ya ce shi da kifi sai a aljanna.

Yayar mahaifiyata tana aure a Makera, Inna nake ce mata. Gajeriya ce mai kaurin dantse, ba ta iya magana a hankali ba, kuma danginsu tun kakanni noma suke da damina, su shiga ruwa da rani. Ta zo duba Malam ta ga yadda ya koma. Kashegari sai ga ta da 'yar tukunya a kai, romon tarwaɗa ne, tsoka zalla.

"Malam, ka ci wannan," in ji ta. "In ka iske ƙaya ko ɗaya, ka sa a kore ni daga gidan nan har abada."

Ya yi dariya ya ce da ma ya daɗe yana neman hanyar korarta. Ya taɓa, ya murza tsokar tsakanin yatsu, ya sake murzawa, sannan ya kai baki. Ya cinye tas, har ya nemi a ƙara masa romo a kan tuwon dusar nan da ya ƙi. Inna ta ce ita ba za ta iya zuwa kullum ba, tana da nata bakunan da take ciyarwa, amma a ba ta ni ta koya mini gyaran kifi. Ina tsaye Baffa ya ce, "Madalla. Ai lada ce, ta tahi." Ina so a riƙe wannan, da bakinsa ya ce in tafi.

Ran farko na raina aikin. Ina ganin hannun da ya iya ja da alƙalami wane abu ne kifi zai gagare shi? Muka shiga gulbi da hantsi mu kusan goma, aka tare bakin wani gurbi da taɓo, muka jeru da ƙorai muna kwalfe ruwan muna watsawa bayan shingen. Kafin ruwa ya sauko gwiwa bayana ya ƙage. Da ya sauko idon sawu sai taɓon ya fara motsi, mata suka zube suna lalube. Tarwaɗar farko da na kama ta suɓuce ta mare ni da wutsiya a fuska, na zauna daɓas cikin taɓo, aka yi ta shewa ana cewa 'yar malamai ta yi sujada. Na tashi raina a ɓace na sake bin ta. Sai a karo na uku na gane inda ake riƙewa, a bayan kai, yatsu su zagaye ƙayoyin gefe, a danna ta ƙasa da ƙarfi.

A bakin gulbi akwai wani falalen dutse, nan Inna take gyara. Ta ba ni wata 'yar wuƙa siririya da maƙeri ya ƙera mata, wadda washi ya cinye har ta koma kamar ganyen gamba. Kafin in taɓa komai ta zaro wani kifi daga ƙwarya, gajere mai ƙaton kai, yana wani gurnani.

"Wannan ƙurungu ne," ta ce. "Dube shi da kyau. Ƙaya ukku gare shi, ɗaya bisa, biyu gehe, kuma suna da zarto. Kahin ki yi mashi komi, ki karye su. Ko ya mutu, ko ya kwana da mutuwa, ki karye su tukuna. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Ta sa na karya da gindin wuƙa, ɗaya bayan ɗaya, har kifi biyar.

Sauran aikin ya ɗauke ni kusan sati uku. Tarwaɗa sai an murje ta da toka yauƙin ya fita, in ba haka ba wuƙa za ta zame ta same ka. Karfasa ana kankare ta daga wutsiya zuwa kai. In za a feɗe ciki, bakin wuƙa ne kawai zai shiga, yana kallon sama, don akwai 'yar jakar ɗaci kusa da hanta, in ta fashe an gama, tsokar nan ko kare zai yi tunani kafin ya ci. Na fasa ta sau biyu. Na biyun Inna ba ta yi faɗa ba, ta gasa kifin ta ba ni ta ce in cinye a gabanta. Ban sake fasawa ba.

Raba tsoka da ƙashi shi ne babban karatun, kuma ba kowace mace ce ta iya ba ko a Makera, don mutane gunduwa-gunduwa suke yankawa, kowa ya tsince ƙayarsa a baki. Inna ta koya ne saboda ta yi jinyar uwarta shekaru. Za ka tsaga bayan kai har wuƙa ta taɓa ƙashin baya, sai ka kwantar da ita ka bi ƙashin zuwa wutsiya, a hankali, kana jin tana ƙas-ƙas a kan haƙarƙari. In ka daina jin ƙarar, ka bar ƙashi kana ɓarnar tsoka. In ɓarin ya fita sai a juya a yi ɗayan. Daga nan Inna takan sa in rufe ido in bi tsokar da ɗan yatsa daga kai zuwa wutsiya, duk inda na ji tsini in zare.

"Ido shina ƙarya," in ji ta. "Malam ba da ido zai ci ba. Ki nema yadda zai nema."

Na iya, kuma ba yabon kai ba ne, na iya har na fi ta sauri. Kai da ƙashi da fata suna shiga tukunyar gida su gyara miyar kowa, tsokar kuma ta Malam ce. Ya fara tashi zaune da kansa. Ya koma jin haddar manyan ɗalibai da la'asar. In na shigo da kwano sai ya ce, "Ga amaryata 'yar sarkin ruwa." Ba a daɗe ba Baffa ya leƙo ya ga tsoka fara babu ƙaya, ya ce shi ma a riƙa cire masa nasa haka, don yana sauri ne kullum, ba shi da lokacin tsince-tsince. Na riƙa yi masa.

Ban yi wasa da tsabta ba. In na dawo daga gulbi sai in cuɗe hannu da toka, in bi da dusa, in bi da jiƙaƙƙiyar tsamiya, in ƙare da sabulun salo, in sauya zane, sannan in yi alwala in ɗauki allo. Lalle ma ba ya rabuwa da hannuna a lokacin. Saura hizifi huɗu in yi sauka.

Ran nan wata mata ta zo daga Dutsin-Ma, matar wani mai hali, a kan jaki da 'yar rakiya. An yi mata rubutu kwana biyu da suka wuce, ta tafi da shi cikin gora. Ta tsaya a soro tana magana da ƙarfi yadda duk gida zai ji, wai ta kai baki ta ji ƙarnin kifi, ta amayar. Wai ita ba a taɓa yi mata irin wannan wulaƙanci ba. Baffa ya yi ta ba ta haƙuri. Da ta tafi ya aiko a kira ni.

Na durƙusa a bakin zaure. Bai ce in miƙo hannu ya sansana ba, bai tambaye ni komai ba.

"Ke ɗiyan nan kin ja mana abin kunya," ya ce. "Daga yau kada hannunki ya sake taɓa allo ko tawada cikin gidan nan."

Na ce, "Baffa, wallahi ina wankewa. Ba hannuna ba ne, ruwan ne. Randar zaure daga gurbin ƙasa ake cika ta tun da rijiya ta ƙahe."

Gaskiya ce kuwa tsagwaronta. Rijiyarmu ta ƙafe tun tsakiyar rani, ana ɗebo ruwa daga wani gurbi da kifi ya taru a ciki ya yi maƙil. Mu mun saba har ba ma ji. Matar nan ruwan dutse take sha a garinsu, dole ta ji. Kuma shi Baffa da hannunsa ya ɗebi ruwan randar ya wanke allon.

Ya sha mur ya ce, "Ni za ki koya wa ruwa? Ruwan da nike alwala da shi?" Sai ya sassauta murya, wadda ta fi faɗan ciwo, ya ce ai ba a hana ni ba ɗungum. In na bar kifi na yi kwana arba'in hannuna ya huce, sai a duba. Ya ƙara da cewa kada in kuskura in kai wa Malam wannan magana, tsoho ne marar lafiya, ba a ɗora masa ɓacin rai.

To, ku duba mini wannan hukunci. In bar kifi kwana arba'in, wa zai ciyar da Malam? Matar Baffa ko feɗe karfasa ba ta iya ba. Ya san haka sarai. Ya san ba zan bari ba. Kuma a wane littafi aka ce ƙarnin kifi najasa ne? Ina 'yar shekara goma sha uku na san babu, shi da ya karanta littattafan ya fi ni sani. Kunya ce ta kama shi a gaban matar mai hali, ya duba wanda zai ɗora wa, ya ga marainiya. Abin da ya fi ƙona mini rai, a yammacin ranar nan aka kai masa kwanonsa, tsokar da wannan hannun ya bi da yatsa ya zare wa ƙaya, ya cinye ya suɗe. Hannun bai yi ƙarnin da zai hana shi shiga bakinsa ba.

Aka ɗauke allona aka jingine a bayan buhunan zaure. Na ci gaba da zuwa gulbi. Ban gaya wa Malam ba. Ina cewa biyayya ce na yi, amma yanzu da na tsufa na san har da taurin kai. Ina so ne a gane da kai, a zo a ba ni haƙuri. Na riƙa kai wa Malam kwano ina dariyar dole, in ya tambayi karatu in ce yana tafiya.

Na yi kwana tara a haka. A na goma, da zan fita da safe, na hangi wani ɗalibi a zaure yana rubuta allon sha, yana ta karkata baƙaƙe kamar tafiyar kaza, Baffa yana zaune yana kallo. Na isa gulbi idona ya rufe. Na yi kwalfa kamar mai faɗa da ruwan. Da muka hau dutse na jawo ƙwarya ina yanka ina magana ni kaɗai, ina shirya abin da zan gaya wa Baffa in da ana gaya wa baffa magana. Na kai hannu na damƙo ƙurungu, matacce ne tun ɗazu, na danna shi a dutse da ƙarfin fushin nan ban karya komai ba. Ƙayar bisa ta shige gaɓar tsakiya ta manunina, ta karye a ciki.

Inna ta zare abin da ta iya, tana zagina tana kuka. Zarton ya bar guntu. Kwana uku yatsan ya yi kamar tabarya, hannu ya kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe ni. Wanzami ya zo ya tsaga ya matse, aka yi ta ɗaura ganye. Inna ta bar gidanta ta riƙa zuwa kullum tana yi wa Malam kifinsa. Na yi kusan wata ina jinya. Da ciwon ya warke sai gaɓar ta haɗe, yatsan ya tsaya a miƙe.

Ranar da na fara fita na je gaida Malam. Ya kama hannun yana shafawa, ya tsaya a kan yatsan ya daɗe. Sannan ya kai tafin hannuna hancinsa.

"Amarya," ya ce, "tun kahin ciwon nan na daina jin tawada a hannunki. Da ina jin kihi da tawada tare. Mi ya hwaru?"

Nan na fashe da kuka na faɗa masa duka. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce a kira masa Baffa, kuma ya zo da moɗa cike da ruwan randar zaure. Baffa ya zo ya durƙusa. Malam bai ko karɓi moɗar ba.

"Sansana," ya ce.

Baffa ya sansana ya ajiye moɗar a gaban Malam.

"Ni makaho wata ukku ina shan ƙarni cikin gidan nan ban ce komi ba, don na san babu wani ruwan. Kai mai ido da hanci ka rasa wanda za ka kama sai ɗiyar ɗan'uwanka? Kihin da kake ci, da ƙahwa take gyara maka shi?"

Baffa ya ce a yi masa aikin gafara, kuskure ne. Ga Malam ya faɗa, ba gare ni ba. Malam ya ce a kawo allona yanzu-yanzu, da tawada da alƙalami.

Da na ji yadda maganar ta mutu cikin numfashi biyu, sai wani baƙin ciki ya taso mini wanda ya fi na farko. Ashe da na buɗe baki tun ranar, da ko kwana ɗaya allona bai yi a bayan buhu ba. Wannan kam laifina ne, na ɗauka, ban taɓa ɗora wa kowa ba. Amma wa ya ce in yi shiru?

Aka kawo allon ya yi ƙura. Na goge, na ɗora a gwiwa, na tsoma alƙalami. Manuni ya ƙi sauka. Na riƙe da babban yatsa da na tsakiya, alƙalamin ya riƙa rawa, tawada ta ɗiga. Na ja layi ɗaya, na dube shi, ban gane hannun ba. Malam yana jin ƙarar alƙalami yana murmushi, ya ce, "Yauwa, haka nike son ji." Baffa yana tsaye a kaina yana ganin abin da ke kan allon, bai gaya wa Malam ba, ni ma ban gaya masa ba.

Na yi shekara guda ina gwadawa. Na yi sauka, rubutun yana karantuwa, amma na allo ne, wanda za a wanke gobe. Ba irin wanda za a sa a takardar da ba ta da madadi ba ne, kusa da na mahaifina. Ba wanda ya hana ni a wannan karon. Ni da kaina na buɗe gafakar wata rana da rana tsaka, na dubi shafinsa na ƙarshe, na dubi allona, na mayar na ɗaure. Malam ya rayu shekara biyu bayan haka, yana cin kifina har makon da ya rasu, don wuƙa ba ta damu da manuni ba, a miƙe ma take son sa a bayanta.

Baffa ne ya ƙarasa littafin. Littafin yana wurina yanzu, cikin gafakarsa ta asali. Ko wanda bai iya karatu ba in ya buɗe zai nuna maka inda hannu ya sauya. Wannan da nake rubutawa kuwa da boko ne, na koya bayan na yi jikoki, a ajin manya, da hannun hagu, tunda ba wanda ya damu da hannun da aka rubuta boko da shi. Guraben da muka yi kwalfa da falalen dutsen Inna duk suna ƙarƙashin ruwan madatsar Zobe.

Baffa ya yi tsawon rai. Shi ma haƙoransa suka zube, cikinsa ya ƙi tuwo, 'ya'yansa suka rasa yadda za su yi da shi. Ina aure a Makera lokacin, aka aiko mini. Na so in ce ba ni zuwa, har na faɗa a cikin ɗaki ni kaɗai, da ƙarfi. Sannan na wasa wuƙar Inna na tafi. Shekara huɗu ina gyara masa kifi, ina rufe ido ina bin tsokar da yatsa, ban taɓa bar masa ƙaya ko ɗaya ba. A ƙarshe da hannunsa ya daina kai wa baki, ni nake ba shi, da hannun dama, yatsan nan a miƙe a gaban idonsa. Kullum ina jira ya ce wani abu. Yakan buɗe baki ne kawai ya karɓa.